Shin Dole Ne Mutum Ya Ƙare Rayuwarsa a Gidan da Ya Gina?

Tambaya: Wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Birnin Kebbi ya aiko da tambaya. Shekarunsa 54, saura shekara 6 ya yi ritaya. Ya gina gidansa a Badariya shekara 22 da suka wuce, yana da mata biyu da 'ya'ya tara, maza huɗu da mata biyar, uku daga cikinsu sun yi aure. Dillalai sun matsa masa, ana taya gidan da kuɗin da bai taɓa zaton zai kai ba. Yana da fuloti a hanyar Kalgo, yana kuma da rabo a gidan gadonsu na Argungu. Marigayi mahaifinsa yakan ce namiji ba ya sayar da gidan da aka binne cibiyar 'ya'yansa. Yana so ya sani, shin daidai ne mutum ya zauna gida ɗaya har mutuwa, ko kuwa ya sayar ya gina babba a sabon wuri?

Amsa: Malam, na daɗe ina aikin auna filaye da kimanta darajar gidaje a wannan jiha, kuma an sha kira na wurin rabon gado domin in faɗi abin da gida ya kai, saboda haka zan ba ka amsa daga abin da idona ya gani. Babu wata doka ta ƙasa ko hukuncin addini da ya wajabta wa mutum zama gida ɗaya har ajalinsa, amma a halin da ka bayyana ban ba ka shawarar sayarwa yanzu ba, kuma abin da na fi ƙi a cikin shirinka shi ne kalmar nan ta “babba”. Abin da ya kamata ka sa a gaba shi ne gidan da kake ciki ya zama wanda za ka iya zama a cikinsa da sauƙi idan ka tsufa, za ka iya barinsa ba tare da asara ba idan lalura ta zo, kuma iyalinka za su iya raba shi ba tare da an je gaban alƙali ba.

Maganar mahaifinka, Allah ya jiƙansa, gaskiya ce a zamaninsa. A lokacinsu gida ba haja ba ne. Da tubali da azara ake gina shi, 'yan'uwa da maƙwabta su taru su kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe kafin damina, gonar gandu kuma tana nan bayan gari, don haka wanda ya sayar da gida ya sayar da mazauninsa a cikin dangi, kuma ba a ganin mai yin haka sai wanda bashi ya ci ko wanda abin kunya ya kora. Gidanka na Badariya kuwa da albashi ka gina shi, bulo bayan bulo, kuma mai yiwuwa shi ne mafi girman abin da ka tara a duk shekarun aikinka. Abin da ya zama rumbun dukiyar mutum dole a yi masa lissafi irin na dukiya. Ko a tarihinmu ma zama wuri ɗaya bai taɓa zama ƙa'ida ba. Kabawa sun bar Surame, birnin Sarki Kanta, suka zauna Birnin Kebbi, bayan garin ya faɗa hannun Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805 suka ƙare a Argungu inda gidan gadonku yake, kuma Sarkin Gwandu kansa fadarsa a Birnin Kebbi take. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, dubban mutanen ƙasar Yawuri sun bar garuruwan da aka binne cibiyar kakanninsu, ruwa ya rufe su. Hausawan da suka ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, su ne kuma suka ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, saboda haka karin magana ba zai raba maka wannan gardama ba.

Kafin a yi zancen zama ko tashi, ya kamata ka san abin da ka mallaka a idon doka, domin mutane da yawa ba su sani ba sai ranar da suka zo sayarwa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda aka sanya a cikin kundin tsarin mulki na 1999, ta damƙa duk filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake da shi shi ne haƙƙin zama da amfani, kuma takardar shaidar mallaka da gwamnati ke bayarwa a kan gidan zama yawanci shekara 99 ne wa'adinta. Sashe na 22 na dokar ya ce ba a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da yardar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti, diyyar da ake biya kuma a kan ginin da aka yi ne da amfanin gonar da ke kai, ba a kan ƙasar kanta ba. Wannan ya shafi fulotinka na hanyar Kalgo kai tsaye: filin da babu komai a kansa, idan aka karɓe shi, abin da mai shi zai samu bai taka kara ya karya ba.

Ba ka faɗi irin takardar da ke hannunka ba, amma na san abin da na saba gani a gidajen da aka gina a shekarun da ka gina naka. Takarda ce ta ciniki da aka rubuta da hannu, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, sau da yawa ɗaya daga cikin shaidun ya rasu, wanda ya sayar ɗin ma ya rasu, 'ya'yansa kuma ba su san da cinikin ba. Irin wannan takarda tana da amfani, ba na raina ta, amma mai saye da ke da kuɗin gaske, ko banki, ko kamfanin da ke neman ofis, zai rage farashi saboda ita, ko ya juya ya tafi. Ko za ka zauna ko za ka tashi, ka je ma'aikatar filaye ta jiha a bincika fayil, safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka, ka biya harajin ƙasan da ya taru, takarda ta fito da sunanka daidai yadda yake a katin shaidarka. Ka yi wannan yanzu da kake da albashi da ƙafar zirga-zirga, domin aiki ne da ke wahalar da tsoho, ya fi kuma wahalar da marayu.

Yanzu ga lissafin kuɗi, wanda a nan ne dillali ba zai taimake ka ba, tunda shi la'adarsa tana fitowa ne idan an yi ciniki, ko ka ci riba ko ka faɗi. Farashin da aka taya gidanka ya ba ka mamaki ne saboda kana auna shi da abin da ka kashe shekara 22 da suka wuce, alhali ma'aunin da ya dace shi ne abin da za ka kashe yau kafin ka sake samun irinsa. Buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, duk da cewa ga kamfanin siminti nan a Kalambaina ta Sakkwato. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tifar yashi da na tsakuwa da dakon rodi da kwano duk sun bi sahu. Mu ɗauka, don misali kawai, an taya gidan naira miliyan 35. La'ada ta kashi 5 cikin 100 za ta ɗauke miliyan 1 da dubu 750. Mai saye ba zai bar ka a ciki har ka gama gini ba, don haka za ka kama haya mai sassa biyu, kuma a ganina ginin da aka ce wata takwas ba ya kasa shekara biyu. Kuɗin da ke ajiye a banki kana cira kaɗan-kaɗan kuwa narkewa yake yi, domin a 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100, ma'ana kuɗin da ya kwana shekara guda ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zai iya saya. Ban kuma sa abin da kowa ya sani ba, wato ranar da labari ya fita cewa ka sayar da gida, a ranar ce ƙanenka zai tuna da jarin da yake nema, a ranar ce kuma za a tsayar da bikin 'yarka ta gaba.

Akwai kuma abubuwan da suke cikin tsohon gida waɗanda mai shi ya daina ganinsu saboda sabo. Katangar fuloti mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100 kaɗai tana cin bulo sama da dubu biyu kafin a aza tushen ɗaki ɗaya. A sabuwar unguwa kai ne za ka haƙa rijiyar burtsatse, ko ka dogara da 'yan ga-ruwa, kai da maƙwabta biyu ko uku ne za ku haɗa kuɗin turakun lantarki da waya, wataƙila har da taransifoma, kai ne kuma za ka zuba ƙasa a hanya duk damina. Bishiyar dogon yaro da ka dasa a ƙofar gida lokacin da babban ɗanka yana rarrafe, wadda kake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta a watan Afrilu sa'ad da zafin garin nan ya haura 40 a ma'auni, ba ta shiga cikin farashin da dillali ya faɗa ba, kuma babu kasuwar da za ka saye ta sai dai ka sake jiran shekara ashirin.

Wani zai ce ka cike giɓin da rance. Idan ana yankar maka kashi 2.5 cikin 100 na Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, kana da damar neman rance ta hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa na kashi 6 cikin 100, wanda ake iya biya har tsawon shekara 30, sai dai tsawon wa'adin yana bin shekarun da suka rage wa mai nema, kai kuma shida suka rage maka, ga kuma batun riba wanda na san zai tsaya maka a rai. Abin da ya fi maka amfani a wannan asusu shi ne ka tabbatar an shigar da abin da aka yanka da sunanka, domin kana da haƙƙin a mayar maka da shi bayan ritaya. Garatuti kuwa, duk wanda ya ga yadda tsofaffin ma'aikata ke jiran nasu ba zai aza tushen gini a kansa ba.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci, kuma wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne iyali da gida ba tafiya ɗaya suke yi ba. Yau gidanka ya yi maka kaɗan saboda samari da 'yanmata sun cika shi, ana layin banɗaki da asuba, zaure ya koma ɗakin kwana. Wannan cunkoso na shekara biyar ne ko bakwai. 'Yan mata za su tafi ɗakunansu, samarin kuma na yanzu ba irin na dā ba ne da ake yanka musu sashe a cikin gida, aiki zai kai wani Abuja, wani Sakkwato, wanda ya zauna garin ma matarsa za ta fi son nata wurin. Idan ka sayar ka gina gida mai ɗakuna goma sha biyu kana da shekara 56, za ka gama shi daidai lokacin da masu cika shi suke watsewa, ka wayi gari kana da shekara 65, kai da mata biyu da autoci, kana gyaran rufin ɗakunan da jemagu ke kwana a ciki da kuɗin fansho. Na shiga irin waɗannan gidaje da yawa a Birnin Kebbi da Jega da Yelwa, kuma na fi tausaya wa waɗanda suka yi bene, domin na ga dattijon da ya ƙawata turakarsa a sama, ciwon gwiwa ya sauko da shi, ya ƙare kwanakinsa a ɗan ɗakin da aka gina don mai gadi. Ga sayarwa kuma, babban gida a garuruwanmu ba shi da masu saye da yawa. Wanda ke da kuɗin sayensa ya fi son ya gina nasa yadda ransa ke so.

Tsufa yana rage wa mutum tsawon tafiya, duniyarsa ta dawo tsakanin ɗaki da masallaci da majalisa da asibiti. A Badariya limamin ya san muryarka, idan ba a gan ka sallar asuba kwana biyu ba za a ƙwanƙwasa ƙofa, mai kanti zai ba ka bashi har ƙarshen wata, kuma idan ciwo ya tashi cikin dare akwai mai mota a layin da ba zai tambaye ka ko kai wane ne ba. Ka tambayi iyalinka ma, kowacce ita kaɗai, domin matar da ta yi shekara ashirin tana sana'a a cikin gida, ko ɗinki ne ko ƙuli-ƙuli ko adashi, jarinta na gaske shi ne matan layin da suka saba aiko mata da yara, kuma wannan jari ba ya hawa motar kaya.

Duk da haka akwai lokutan da tashi ne daidai, kuma ban taɓa jin nauyin faɗa wa mutum haka ba. Na farko shi ne ruwa. Gidan da ke kan hanyar ruwa, ko wanda aka toshe masa magudana da gine-ginen da suka zo daga baya, ba ya warkewa da filasta, kuma wanda ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi a wannan jiha ya san cewa ruwa ba ya manta hanyarsa. Na biyu shi ne tsaro, wanda ya fitar da iyalai da yawa daga ƙauyukan Zamfara da na ƙasar Zuru zuwa cikin garuruwa, mutanen da ba su taɓa tunanin haya ba. A can babu zancen cibiya, rai ake ceta. Akwai kuma unguwar da ta juye ta zama kasuwa, masu walda da injin niƙa da janareto suka kewaye gidan, har ya zama ya fi amfani ga ɗan kasuwa fiye da mai iyali. Idan abin da ya sa dillalai ke bin ka ke nan, to ka fara duba ko za ka iya fitar da shaguna biyu ko uku daga katangar gaba, da izinin hukumar tsara birni, ka ci ribar canjin da unguwar ta yi kana zaune a cikinta. Sai bashin da ya kai wuya, da maƙwabtakar da ta lalace har ba a gaisawa. Ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a tambayarka ba. Abin da na gani shi ne tayi mai daɗin ji da ƙuncin ɗaki na ɗan lokaci.

Gidan Argungu kuma kada ka lissafa shi a matsayin madogara sai ka san inda rabonka ya fara da inda ya ƙare. Ma'aikata da yawa suna cewa idan sun yi ritaya za su koma gida, su je su tarar ɗakin mahaifinsu ɗan ƙanensu ya yi aure a ciki, ya rushe ya sake gini da bulo, ya haifi 'ya'ya huɗu. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi akwai hukuncin hauzi: wanda ya riƙe wuri yana gini yana rushewa kamar mai shi, alhali mai haƙƙin yana nan yana gani, bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, to bayan shekara 10 ba a sauraren ƙarar mai haƙƙin idan bare ne ya riƙe, a tsakanin dangi kuwa wa'adin yana kai wa shekara 40. Hukuncin ba ya hawa kan wanda aka ba aro ko haya ko jingina, shi ya sa ɗan rubutu mai shaidu da ke cewa wane yana zaune a sashena da izinina yake da daraja. Idan kuma wani daga cikinku ya so sayar da kasonsa kafin a raba, sauran magada suna da haƙƙin shuf'a, wato su ne suka fi cancanta su saya a kan farashin da bare ya biya. Ka je ku zauna da 'yan'uwanka tun dattawan da suka san iyakoki suna raye.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so ka fi riƙewa. Idan ana zancen zama gida ɗaya har mutuwa, maigida yakan yi tunanin kansa ne, alhali sau da yawa shi ne yake riga tafiya, waɗanda za su so su ƙare rayuwarsu a gidan kuma su ne matansa, su ne kuma masu ƙaramin kaso. Mu koma kan misalin miliyan 35, mu ɗauka babu bashi, babu wasiyya, mahaifiyarka kuma ba ta raye. Matanka biyu za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, kowacce ta tashi da abin da bai kai miliyan 2 da dubu 200 ba. Sauran za a kasa shi 13, kowace 'ya mace ta sami wajen miliyan 2 da dubu 350, kowane namiji ninkin haka. Bayan takaba ta wata huɗu da kwana goma, idan magada suka nemi a raba, uwargidan da ta ga an aza tushen gidan ba ta da kason da ya kai ɗaki da falo da banɗaki, sai ta jingina da kason 'ya'yanta, wadda ba ta da 'ya'ya maza kuwa ko ba ta haihu ba, sai Allah.

Na taɓa tsayawa a tsakar wani gida da igiyar awo a hannu, magada goma sha bakwai suna zaune a kan tabarmi, an ƙi yarda a sayar saboda kowa yana cewa gidan ubansa ne. Da aka ja layi, rijiya ta faɗa ɓangare ɗaya, shadda ta faɗa ɗayan, zauren da marigayin yake karɓar baƙi ya zama dole a huda masa ƙofa ta biyu, kason wani magaji kuma ya fito ba shi da hanyar fita sai ta cikin madafar kishiyar uwarsa. Tsohuwar gidan tana zaune a bakin ɗakinta da carbi, ba ta ce komai ba sai da birkila ya fara jera bulo a tsakiyar tsakar gida, sannan ta tambaya a hankali ta ina za ta riƙa ɗebo ruwa. Gidan da na kimanta da daraja mai kyau yana dunƙule, bayan an yanka shi babu yankin da wani zai saya da rabin abin da ya kamata.

Ba a gyara wannan da wasiyya, domin wasiyya ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai sauran magada sun yarda. Kyauta ce hanya, amma kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, kuma malaman Malikiyya sun yi bayani cewa idan miji ya ba matarsa gidan da yake zaune a ciki, ya kuma ci gaba da zama, riƙon bai tabbata ba, saboda zaman gidan ga miji ake jingina shi. Mutane da yawa sun rubuta irin wannan kyauta suna ganin sun gama, takardar ta rushe a gaban alƙali. A nan ne fulotinka na hanyar Kalgo yake da amfanin da ya fi na babban gida. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013 gari yake miƙewa ta wannan ɓangare, kuma masu neman haya a can ƙananan ma'aikata ne da ɗalibai da sababbin ma'aurata, waɗanda ɗaki biyu da falo ya ishe su. Da ni ne kai, da na kewaye filin, na gina ƙananan gidaje biyu a hankali daga albashin shekara shidan nan, kowanne da ƙofarsa da banɗakinsa da mitarsa, na zuba 'yan haya. Kuɗin hayar zai tallafi fansho, idan wata rana Badariya ta ƙi zama kana da wurin komawa wanda ya yi daidai da tsoho, idan kuma ka so ka mallaka wa kowace mace ɗaya, ga abin da za ta iya riƙewa da karɓar hayarsa da hannunta. Ka zauna da malamin da ya san fiƙihun gado kafin ka yi, domin a kiyaye adalci tsakanin matan da kuma haƙƙin 'ya'ya.

Shi kuma gidan Badariya, ɗan abin da za ka kashe masa kaɗan ne idan aka gwada da sabon gini. Ka duba rufi da silin, ka sa masai na zama a banɗaki ɗaya aƙalla, ka rage tsayin dokin ƙofa da matakalar shiga, ka kuma tsara sassan biyu yadda kowanne zai iya tsayawa da kansa, da ruwansa da makewayinsa da hanyar fitarsa, ko da ba za a raba su yau ba. Samarin da suka cika zaure, ɗaki ɗaya a waje ya ishe su, wanda gobe zai zama shago.

Kafin ka aza ko bulo ɗaya a hanyar Kalgo, ka bari sai watan Agusta, ranar da aka kwana ana ruwa, ka je da sassafe da takalmin roba. Kada ka tsaya a kan filinka kawai. Ka duba gindin katangun da ke kusa, ko akwai layin kore ko farin gishiri da ya hau bulo, ka auna tsayinsa da tafin hannunka, ka ga inda yashi ya kwanta da inda ciyawa ta kwanta ta fuskanci gefe ɗaya, ka nemi manomin da yake noma wurin kafin a yanka shi fuloti ka tambaye shi abin da yake shukawa. Idan ya ce gero da wake, ka kira magini. Idan ya ce shinkafa, to wannan filin ne za ka nuna wa dillalin da ke bin ka, ba gidan Badariya ba.